Shekarun da Mijina Yake Fasa Ƙwai

An kawo ni Madarumfa daga Sarkin Yamma shekaru kaɗan kafin babban farin da ya kashe shanu. Mijina likitan dabbobi ne, amma ƙarami, irin wanda ake ba keke da akwatin allura a ce ya bi rugage. Ya taɓa zuwa Dakar karatu, bai ƙare ba mahaifinsa ya rasu, ya dawo ya riƙe gida. Ni kuwa duk abin da na sani game da maza a cikin ƙananan littattafai na same shi, waɗanda yayana yake sayo mini a kasuwar Katsina idan ya kai wake. A cikinsu saurayi yakan tsaya gindin itace ya yi ta magana har budurwa ta rasa inda za ta sa kanta. Da aka ce mini wanda zan aura ya zauna bakin teku, sai na ɗauka ya kwaso irin waɗannan kalmomi ya cika aljihu da su, ni kaɗai yake jira.

Ranar da muka fara zama mu biyu, ya kama hannuna ya ɗage mayafi har kafaɗa. Na sunkuyar da kai ina jiran kalmomin nan. Ashe tabon lamba yake nema, na rigakafin agana. Da ya gan shi ya ce, "Madalla, an yi miki," ya saki hannun.

Ban ƙi shi ba. Mutum ne mai haƙuri, ba ya faɗa, ba ya barin gida babu hatsi. Maganarsa ce kawai gajera, kamar ana sayar masa da ita. Abin da na rasa a bakinsa sai na riƙa zuwa nema bakin tabkin da ke gefen garin. Da la'asar nakan ɗauki tsumma biyu in ce wanki za ni, in zauna ina kallon balbelu suna komawa kan itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, masunta suna turo kwalekwale ta tsakiyar bado. A nan nake shirya wa kaina hirar da ba a yi da ni a gida. In yi tambaya, in ba kaina amsa da muryarsa.

Da cikina na fari ya tsufa, ƙafafuna suka kumbura, ba abin da ke yi mini daɗi kamar in tsoma su a ruwan nan. Wata rana na shagala har aka kira magariba ina zaune. Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta zo da kanta ta same ni. Ba ta yi mini faɗa a hanya ba. Sai da muka shiga gida ta ce, "Mai ciki bakin ruwa da magariba? Ɗiyar nan, ba a gaya miki ruwan nan da masu shi ba?" Ta sa aka yi mini hayaƙi, maganar ta wuce. Ba da daɗewa ba aka mai da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari.

Namiji na haifa. A wurinmu mace ba ta rawar kai a kan ɗan fari. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta faɗin sunansa, nono ma sai an yi mata tsawa take ba shi. Na juya fuskata bango yadda aka koya mini, ina jin mata suna shiga suna fita. Abin da na lura da shi, ba wadda ta yi guɗa. Suna magana ƙasa-ƙasa, kuma a kife suke kwantar da shi, ba a rigingine ba.

Da ɗakin ya yi shiru na miƙa hannu na ɗaga zanen da aka rufe shi da shi. A ƙasan bayansa, sama da ɗuwawu kaɗan, fata ba ta haɗu ba. Wani abu ne ja, jiƙaƙƙe, ya kumburo, bakinsa a wangale. Fuskarsa kuwa lafiya lau, har da gashi mai yawa. Na taɓa tafin ƙafarsa, bai motsa ba. Na ji tafiya a waje, na mai da zanen na koma bango.

Bai kai ranar suna ba. Mahaifiyata ta ce, "Ba namu ba ne," aka ɗauke shi da hantsi. Ba a kuka a kan ɗan fari a fili, ban yi ba. Wankan jego kuwa ba a fasa ba. Safe da yamma a tafasa ruwa a yi ta dukan jikina da ganye, a dama kunun kanwa a ce in shanye, nono yana zuba yana jiƙa zane, babu mai sha. Mata masu zuwa gaisuwa kowace da abin da ta gano. Wata ta ce na tsallake igiyar jaki, wata ta ce ƙwai na ci a ɓoye. Amma labarin magariba a bakin tabki ya riga ni isa Sarkin Yamma, kuma a kansa yawancinsu suka tsaya. Ni ma a kansa na tsaya.

Da na yi arba'in aka mai da ni Madarumfa. Mijina bai taɓa ganin yaron ba, yana can arewa wajen allurar shanu aka yi komai aka gama. Ya tarye ni a zaure ya ce, "Sannu da hanya. Allah ya sa mai ceto ne." Na ce amin. Ni ina kunyar ɗan fari, shi ma nasa ɗan farin ne. Daga wannan ba mu ƙara ba.

Da damina ta kama, zabi suka fara ƙwai, sai ya jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin gado, wanda tun zuwana ban ga an buɗe ba. A ciki akwai wata na'ura ta baƙin ƙarfe mai dogon wuya, ana leƙawa ta samanta a ga ƙaramin abu ya zama babba. Da ita suke aiki a Dakar, in ji shi, wajen wani malaminsu da ke binciken yadda halitta take farawa a cikin ƙwai. Ya kafa tebur a bayan ɗaki kusa da akurki. Ya bi matan Fulani yana sayen ƙwan zabi, yana tambayarsu ko yau aka yi shi, har suka fara gudunsa. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kowa ya san kaza ake sa wa ƙwanta. Sai ya riƙa yi wa kowane ƙwai alama da gawayi, ya tura ƙarƙashin kajin Inna, bayan kwana ɗaya ko biyu ya zare ya fasa.

Kajin suka shiga uku. Kaza ta kwanta da zuciya ɗaya, a zare, a sa mata sabo, ta sake kwantawa, har ƙirjinta ya tuje ba ta ga ɗan tsako ko ɗaya ba. Inna ta fi kajin jin haushi.

"Wanga wane irin karatu ne? Mutane su tura ɗa lakkwal ya dawo da mota, ni nawa ya dawo yana yi wa kaza sata."

"Inna, aiki ne."

"Aikin mi? Ƙwan da aka kwanta wa rai ne. In magani kake haɗawa ka faɗa mini, in san abin da zan ce wa liman."

Maƙwabciyarmu tsohuwa ce, matar wani masunci, ita ce ungozomar unguwar, kuma ita ta yanke wa mijina cibi, saboda haka wasan jika take yi da shi. Takan leƙo ta kan darni ta ce, "Angona, yau nawa ka kashe? Ka bar na zabi, ka zo in ba ka nawa, tun bara nake ajiya." Shi kuwa ya ce, "Naki sun yi dungu, tsohuwa," bai ko ɗago kai ba. Yaran unguwa suka sa masa Mai Fasa Ƙwai, suna bin kekensa da shi.

Babu lantarki, fitila kuma ba ta isa ba, don haka da hantsi yake aikin, da hasken rana. Madubina na aure ya ara. Yakan jingina shi da tubali ya turo hasken kan ƙwan, rana ta gusa, ya tashi ya gyara, ta sake gusawa. Daga baya ya ce in riƙa riƙe masa. Na riƙe. Damina guda ina tsaye da madubi a hannu, wuyana yana ciwo, ƙarnin ƙwai yana tayar mini da zuciya, ban taɓa cewa in leƙa ba, shi ma bai ce in leƙa ba. Ina kallon ƙeyarsa ina cewa a raina, mutumin nan ɗansa ya mutu bai tambayi kamanninsa ba, ga shi yana lallaɓa gwaiduwa kamar ita ta haife shi. A littattafan da na karanta, namiji idan ya yi rashi yakan bar ci da sha, ya shiga daji. Nawa ƙwai ya shiga.

A damina ta biyu da fara wannan aiki ina ɗauke da wani ciki, ya kai wata huɗu ko biyar. Tun ranar da Inna ta gane, ta ɗaura ɗamara. Ta hana ni tabki, ko da rana tsaka. Ta hana ni ƙwai, ta hana ni zuwa bayan ɗaki inda ake fasa shi. Ta ɗaura mini laya a ƙugu da wata a damtse, ta soka mini allura a gefen zane. Kowace safiya da rubutun sha. Ta kai ni ziyara kaburburan waliyyan da ke kewaye da garin, a ƙasa, cikin rana, muna tafe tana jan carbi. Ban yi gardama ko sau ɗaya ba. Da ta ce in yi tafiya da ka, da na gwada. Tsoro nake ji irin wanda ba ya barin mutum ya ji ɗanɗanon abinci. In ina daka, in ina tankaɗe, abin nan ja yana gaban idona. Kuma babu wanda zan tambaya ko zai sake dawowa, tunda tambayar sai ta bi ta kan wanda ba a ambata.

Wata safiya Inna ta tafi Safo gaisuwar mutuwa. Ina shara na ji mijina yana tsaki a bayan ɗaki, madubi ya zame daga tubali. Ya leƙo ya ce, "Ke, zo ki riƙe mini. Ba ta dawowa sai yamma."

Na je. Na ga yadda yake yi, wannan karon da idon mai son gani. Ya kwantar da ƙwan a kan gammo, ya goga gefensa da ɗan zarto, don ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi, ya ɓalle wata 'yar taga. A saman gwaiduwa akwai ɗan farin tabo, bai kai ƙwayar wake ba. Ya zuƙi tawada a allura, tawadar allo wadda yake karɓowa wajen malamin unguwa, ya soka a hankali ya tura ta ƙarƙashin tabon. Baƙi ya bazu a ƙasa. Sai wani ɗan farin abu ya fito a kai, siriri, kamar zare a kan baƙin zane.

Ban san abin da ya sa na ce, "In gani?" ba. Ya ɗago ya dube ni. Ya karɓi madubin, ya matsa mini.

Da farko gashin idona kawai nake gani. Ya ce in rufe ɗaya idon, in daina numfashi da ƙarfi. Sai ga shi. Wani ɗan kwari ne dogo, da gefe biyu da suka taso suna karkatowa juna, kamar ganyen da ya fara naɗewa. A tsakiya sun riga sun haɗu. Sama da ƙasa kuwa a buɗe.

"Wannan kwana ɗaya ya yi da 'yan sa'o'i," in ji shi. "Kin ga inda ya haɗu? Kamar ɗinkin ƙwarya ne, amma daga tsakiya ake farawa, a yi sama, a yi ƙasa. In ya rufe ya zama kamar kara mai rami. Can sama ya kumbura ya zama ƙwaƙwalwa. Sauran ya zama lakar da ke cikin ƙashin baya. Babu ido tukuna, babu ƙafa, babu fiffike. Wannan ake fara yi."

"A zabi."

"A zabi, a kifi, a kwaɗo, a rago. Da mutum."

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba. Na tuna har na ji wani abu mai kama da kishi, cewa ashe yana da kalmomi, ƙwai yake ajiye wa.

Ya ɗauko wani ƙwan, wanda ya fi wancan daɗewa a ƙarƙashin kaza. Na koma riƙon madubi. Ya yi taga, ya sa tawada, ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Hannuna ya gaji, hasken ya fara rawa, bai ce in tsaya daidai ba, shi da kullum sai ya faɗa. Da ya ɗago, sai ya kai hannu zai ɗauke ƙwan. Na ce, "Bari." Na ajiye madubin a tubali na leƙa.

Wannan ya girma. Kansa ya lanƙwasa, ga wani ɗan jan ɗigo yana bugawa, yana bugawa. Na bi bayan da ido daga sama. A rufe, a rufe, sumul. Can ƙasa ɗinkin ya tsaya. Gefe biyun sun baje, kowane ya koma nasa wuri, tsakiya a wangale.

Ƙarami ne ƙwarai, fari ne ba ja ba, amma na san shi. Ban ɗago ba na ce, "Haka nasa yake."

Ban taɓa ambatar yaron a gabansa ba sai ranar. Na ji kunya ta rufe ni har ƙafa, kamar na tuɓe a kasuwa.

Ya ce, "Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Yaya, babbar ɗiyar Inna. Ta je barka, ita ta taya wankansa. Da na dawo daga arewa ta kira ni gefe."

"Tun lokacin ka sani?"

"Tun lokacin."

"To mi ya hana ka yi mini magana?"

"Ke mi ya hana ki?"

Kaza ta fito daga akurki tana ƙorafi, ta zagaya ƙafar tebur ta koma. Na ce, "Na ɗauka ka manta da shi."

"Kina tsammani don marmari nake yawo ina ƙarnin ƙwai, yara suna yi mini waƙa? A Dakar na taɓa ganin irin wannan a cikin ƙwai, ban damu ba, na zana na wuce. Da Yaya ta faɗa mini, sai na ga kamar ni aka nuna wa tun farko ban kula ba."

Na zauna a kan turmin da ke kife. Tambayar da na yi shekara biyu ina ɗauke da ita ta fito da kanta, gajera. "Tabki ne?"

"Wane tabki?"

"Ranar da Inna ta same ni da magariba."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Abin da kike ɗauke da shi ke nan? Ke, ranar nan cikinki ya kusa wata bakwai. A mutum cikin watan farko ake ɗinkin nan a gama, tun mace ba ta tabbata tana da ciki ba. Ranar da kika zauna bakin ruwa an daɗe da wucewa wurin. Ko kwana kika yi cikin tabkin, ba shi ba ne."

Na yi zaton in na ji haka zan ji sauƙi. Na ji, amma kaɗan, kamar an sauke mini tulu an bar gammo da ciwon wuya. Na ce, "To mi ne ne?"

"Ban sani ba."

"Duk ƙwan nan da ka fasa?"

"Na bar wasu a rana su sha zafi kafin in sa wa kaza. Na ɗaura wasu a bayan keke na kai su Safo na dawo, su sha girgiza. Na ajiye wasu sun kwana biyu. Wani sa'in wanda na wahalar ya rufe lafiya, wanda na lallaɓa ya buɗe. Kazar ma takan tashi ta tafi kiwo, ban san iyakar sanyin da suka sha ba. Malamin namu da ke da injin ɗumama ƙwai da lantarki, shi ma bai sani ba, balle ni da kajin Inna."

Na ɗora hannu a cikina. Ya gane.

"Shi ma an gama," ya ce. "Ko ya rufe ko bai rufe ba, tun kafin Inna ta ɗaura miki layar farko."

"Yana iya sake faruwa?"

Na san amsar da nake so. Na karanta ta sau da yawa. Namiji ya durƙusa, ya rantse da ransa cewa ba abin da zai taɓa ki muddin yana numfashi. Ko ƙarya ce ina so, da na karɓa hannu biyu. Mijina ya goge allurarsa da tsumma ya ce, "Yana iya. Sau da yawa ba ya sakewa. Amma yana iya."

"To layun fa, da rubutun, da zuwa kaburbura cikin rana?"

"Ki ci gaba. Addu'a ba ta ɓaci. Inna ma tana bukatar abin yi."

Ya ɗauki ƙwan ya kai bayan darni inda yake binne su. Ɗigon nan yana bugawa har lokacin. Na tashi na ƙarasa sharata.

Watannin da suka biyo baya ban san yadda zan ba da labarinsu ba, don ba abin da ya faru a cikinsu. Da can ina da aiki: in kiyaye wannan, in guji wancan, kowace safiya in ga kamar na ƙara wa yaron kariya. Yanzu na san babu abin da hannuna zai kai gare shi. Ina shan rubutu, Inna tana kallona tana jin daɗi, ni kuwa kamar mai zuba ruwa a gonar da aka riga aka girbe. Idan cikin ya motsa sai in tsaya cak in saurara, hannu ne ko ƙafa? Na tambayi mijina ko ana ganewa. Ya ce shi ba ya iya ganewa. Wani lokaci mukan zauna a tsakar gida bayan la'asar, ba mai cewa komai, amma shirun ba irin na da ba ne. Ban ce ya fi daɗi ba. Na dai daina shirya masa magana a raina.

Ruwan shekarar nan bai kai ko'ina ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Zabi suka daina ƙwai da wuri, matan Fulani suka daina zuwa, daga baya muka ji sun yi kudu da abin da ya rage musu. Tabki ya ja baya ya bar laka mai tsagewa, ana jin warin mataccen kifi har cikin gari. Inna ta sayar da kajinta ɗaya bayan ɗaya. Mijina ya goge na'urarsa ya mai da ita akwati, ya tura ƙarƙashin gado. Aka tura shi arewa, inda shanu ke faɗuwa a bakin rijiyoyi, ya yi ta yi wa waɗanda yunwa za ta kashe allurar wata cuta dabam.

Ba ya nan naƙuda ta zo. Haihuwa ta biyu a ɗakin miji ake yi, don haka tsohuwar nan ungozoma ce a kaina, Inna tana bakin ƙofa da carbi. Da hantsi na sauka. Na ji kuka mai ƙarfi.

"Mace ce," in ji tsohuwa. "Kishiya kika haifo mini, ga baki kamar na ubanta in an taɓa masa ƙwai."

"Juya ta."

"Ke, bari in yanke cibi mana. Gaggawar mi kike, biki za ta?"

"Iya, don Allah juya ta."

Ta dube ni, ta bar wasan. Ta kife ta a tafin hannunta ta miƙo mini, da jini da maiƙo da komai. Na sa yatsa a ƙeyarta na biyo ƙashin bayan a hankali, ƙulli bayan ƙulli, har ƙasa. Fata ce ko'ina. Na sake komawa sama na biyo. Tsohuwa ta ce, "Ya isa, za ki goge mata baya." Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Alhamdu lillahi. Kun ga amfanin kiyayewa." Na ce, "Ƙwarai, Inna." Na so in yi kuka ko in yi dariya, ko ɗaya bai zo ba. Barci ne ya zo, mai nauyi, tun ba a gama gyara ni ba.

Ana gobe suna ya dawo, ya rame, leɓɓansa sun tsage. Ya jingina keke ya tsaya bakin ƙofar ɗakina ya yi sallama. Ya ce, "Sannu. Lafiya?" Na ce, "Lafiya lau." Bai gamsu ba. Ya shigo, abin da maza ba su cika yi ba a ɗakin jego, ya ɗauke ta daga shimfiɗa ya kife ta a cinyarsa. Ya bi bayan da babban yatsa. Sannan ya tsunkuli tafin ƙafarta. Ta harba, ta tsala ihu.

Inna ta faɗo ɗakin. "Kai! Daga cikin mushe ka fito, ko hannu ba ka wanke ba, ka zo kana tsunkulin jinjira? Wanga yaro, Allah ya shirye ka."

"Ƙafar tana aiki," ya ce, ba da Inna yake ba. Ya tsunkuli ɗayar, ita ma ta harba. Ya miƙa wa Inna ita, ya jingina da bango ya rufe ido. Kafin a kawo masa ruwa ya yi barci a zaune, bakinsa a buɗe.

Na haifi wasu bayanta, duk da bayansu lafiya. Bai sake buɗe akwatin nan ba, kuma har ya rasu ba mu san abin da ya hana ɗinkin ɗanmu na fari ƙarasawa ba. Ban taɓa sabawa ba. Kowane ciki, ranar da na gane ina ɗauke da shi na san an riga an gama, sai in gyara ɗaurin zane in shiga jira.